Ɗan Dakon Biro da Sharar La'asar

Ko da tsufa zai kwashe mini ranakun aiki ɗaya bayan ɗaya, ba na jin zai iya ɗauke wata Laraba da na yi a Tanut, ranar da na tsaya gaban darakta riƙe da takardar sallamar mutum, alhali ni ce ya kamata a yi wa faɗa. Ku da kuka shigo aiki kuka tarar da intanet a aljihunku, ku saurara. Na san wasunku sun ji labarin a bakin Manzo gardi, shi kuwa Manzo ba ya ba da labari sai ya zuba masa gishirin da ya fi ƙarfin miyar.

Na kama aiki a farkon shekarun tamanin, ina yarinya, a matsayin mai buga takardu da keken rubutu. Shugabana na fari shi ne Mushe Kanta (Mushe kamar Malam ne a bakin 'yan boko na nan), Allah ya jiƙansa, kuma abin da ya fara koya mini ba bugu ba ne, shara ce. A wurinsa kowace takarda sai da lamba, da kwanan wata, da mazauninta a cikin kabad. Wadda ba ta da waɗannan, a yage ta a zuba a kwando kafin a tashi. In an tashi yakan zagaya ya duba tebur ɗaya ɗaya. Akwai ranar da na kai har ƙofar gidanmu ya aiko aka komo da ni saboda guntun karbon da na bari ƙarƙashin keken. Na yi kuka ranar, amma tun daga nan ba a sake ganin ko ƙyallen takarda ya kwana a teburina ba.

Shekara talatin bayan haka ina sakatariya a biro, wato ofishin wata ƙungiya mai taimakon makiyayan Damargu. Kwamfuta ɗaya muke da ita, irin ta tebur, mai ƙaton akwati a ƙasa, kuma a ɗakina take. Da girmana na koye ta, mako biyu a Damagaram, na dawo na riƙe ta yadda na riƙe teburina. Kullum bayan la'asar, in kowa ya fita, sai in jera wasiƙun ranar a mazauninsu bisa lamba. Duk abin da na gani a fuskar injin ko cikin takarduna wanda ban san sunansa ba, kuma ba shi da lamba, in jefa shi kwandon shara na injin, in zubar da kwandon. Sannan in kashe ta, in lulluɓe ta da zane, in zare kilen intanet, ɗan abin nan da ake soka wa inji ya kamo layi, in kulle a aljihun tebur. Dokar kashewa ba tawa ba ce. An taɓa barin wani inji ya kwana a kunne, kuran, wato wutar lantarki, ya dawo da ƙarfi ya ƙone shi, shi ya sa darakta ya hana. Sharar kuwa tawa ce, kuma ina alfahari da ita. Baƙi daga Yamai sun sha cewa ba su taɓa ganin inji mai tsabtar nawa ba.

A damanar shekarar aka ɗauko Agali gwajin wata uku, ya kula da injin da duk abin da ya shafi intanet. Ba'abzine ne daga kwarin Tarka, magidanci da mata da 'ya'ya biyu, dogo, mai sanyin magana. Ya yi shekaru yana aiki a wani shagon intanet a Damagaram, ya gaji da zaman nesa da iyali. In ya ci gwajin, zai kawo iyalinsa Tanut ya zauna. In bai ci ba, babu wani aikin irin nasa a duk yankin, sai dai ya bi motocin arewa neman abin yi kamar yadda ƙannensa suka yi. Mahaifinsa, tsoho Alhusaini, mai raƙuma ne, kuma bai taɓa yarda cewa zama gaban gilashi aiki ba ne. Agali bai faɗa mini wannan ba, ba halinsa ba ne. A bakin Manzo na ji, su suke shan shayi tare a bakin ƙofa.

Babban aikinmu na kaka shi ne taron shugabannin makiyaya. Ardo-ardo na Fulani da manyan Abzinawa sukan zo ranar kasuwa, a zauna ƙarƙashin rumfa a tattauna inda ciyawa ta yi da inda ba ta yi ba, don kada kowa ya kora dabbobinsa wuri guda. A shekarar, daraktanmu Mushe Laminu ya yi musu alkawarin abin da ba su taɓa gani ba, wato taswirar ciyawa da tauraron ɗan Adam ya ɗauko daga sama. Mushe Laminu mutumin kirki ne, sai dai akwai saurin alkawari da saurin fushi, kuma na girme shi da shekara goma sha biyu.

Taswirar tana intanet, sai an sauke ta, kuma tana da nauyi. Rezon Tanut, wato layin sadarwa, a lokacin ba a cewa komai. Ya zo minti goma, ya tafi yawo minti ashirin. In ka sauke abu kai tsaye, da rezo ya yanke sai a koma farko. Don haka akwai wata manhaja a injin mai sauke kaya gutsure-gutsure, tana ajiye abin da ta samu, in rezo ya dawo ta ɗora daga inda ta tsaya. Kamar mai jan ruwa ne a rijiya mai zurfi, kowane guga ya juye a komi har ya cika. Mu a biro Ɗan Dako muke ce mata.

Saura kwana goma taro, Ɗan Dako ya ƙi ɗaukar taswira. Agali ya duba ya ce masu taswirar sun canja tsarin shiga wurinsu, tsohon Ɗan Dako ba zai iya ba sai an sabunta shi. Ya danna wurin sabuntawa. Abin ya yi ɗan juyi ya ce ya kasa. Ya sake, ya kasa. Ya duba agogon injin ya tarar yana baya da kwanaki, ya aika kasuwa aka sayo ƙaramin batir irin na agogon hannu ya canja masa, ya gyara kwanan wata. Har yanzu shiru. Sai da ya karanta 'yan rubuce-rubucen da ke ƙasa ya gano kan zancen. Sabon Ɗan Dako ba zai zauna ba sai an fara saka wa injin kansa wani babban gyara da ya kamata a yi masa tun shekarun baya. Gyaran nan ya fi taswirar nauyi, amma tsohon Ɗan Dako zai iya ɗauko shi.

Ya je ya yi wa darakta bayani ina tsaye.

"Kwana nawa?" in ji Mushe Laminu.

"Yini ɗaya da rabi, Darakta, in rezo ya yi hali."

"To, ka ji da shi. Na riga na hwaɗa wa mutane."

Ranar Alhamis ya fara. Ya samo doguwar waya ya ɗaura kilen a bakin sanda, Manzo ya kafe sandar a jikin tagar gabas inda rezo ya fi sauka. Kafin tashi an kai sittin da 'yan kai cikin ɗari. Agali ya dakatar da abin, ya yi mini sallama ya fita. Ni kuma na zauna na yi aikina na la'asar. Na ga wani abu fari a fuskar injin, ba hoto, ba lamba, sunansa haruffa da alƙaluma a cakuɗe kamar kaza ta taka. Na ce a raina yaran zamani ba su iya barin wuri da tsabta ba. Na share musu.

Da safe Agali ya kunna, Ɗan Dako ya ce bai ga kayan jiya ba, ko a fara daga farko? Ya daɗe yana kallon gilashin. Ya ce wataƙila mai tsaron injin ne, wato manhajar da ke kama birus, ta ɗauka cuta ce ta cinye. Ya dakatar da ita ya sake farawa. Juma'a rabin yini ce, talatin kawai aka samu. Na share wannan ma kafin in tafi gida.

Ranar Litinin da ya tarar da sifiri a karo na biyu, ya juyo ya dube ni, sannan ya sunkuyar da kai.

"Hajiya, dan Allah, ko akwai mai shigowa ya taɓa injin bayan na hita?"

Raina ya ɓaci nan take. Na ce, "Agali, makullin ɗakin nan shekara tara yana hannuna. Ko allura ba ta taɓa ɓata ba. Babu mai taɓa shi."

"Ki yi haƙuri, Hajiya."

Bai sake tambaya ba. Ni kuma, Allah shi ne shaida, ban yi ƙarya da gangan ba. A wurina shara ba taɓawa ba ce. Wa ke lissafa share tsakar gida cikin abubuwan da ya yi yau?

A ranar ne kuma faifan da ya aika a nemo masa daga Damagaram ya iso a motar kasuwa. Muka yi murna, har Manzo ya ɗora shayi. Aka saka, injin ya tofar da shi. Ashe gyaran da ke cikin faifan na Ingilishi ne, daga Kano aka kawo shi, namu injin kuwa Faransanci yake ji, kuma ba ya karɓar na wani harshe. Agali ya koma kan sanda da taga. Wannan karon, don ya ɓoye kayan daga abin da ke cinye su, sai ya canja musu mazauni, ya sa su cikin ma'ajin takardu. Bawan Allah bai san kabad ɗina ya shiga ba. Da la'asar na gan shi zaune tsakanin wasiƙa mai lamba ɗari da bakwai da mai ɗari da takwas, har na yi tsaki kafin in jefar. Talata ma haka.

Zuwa nan Mushe Laminu ya daina yarda da shi. Kullum da yamma Agali ya ce an kai sittin, an kai saba'in, kullum da safe darakta ya leƙo ya ga sifiri. Na ji shi da kunnena yana waya da wani a Damagaram yana cewa yaron ko bai iya ba ne, ko yana yi masa wasa da hankali. Agali kuwa ya rame cikin kwana biyar. Ya buɗe akwatin injin ya busa ƙura, ya gwada ma'ajiyarsa ko ta lalace, ya binciki birus har sau uku. Ya daina fita shan shayi. Tausayinsa ya kama ni sosai, har tuwo na riƙa kawo masa daga gida, da hannun nan nawa da ke share masa aiki.

Ranar Laraba, wajen ƙarfe huɗu, darakta ya kira ni ya miƙo mini takarda da ya rubuta da hannu.

"Ki buga mini wannan yanzu, Hajiya, in sa hannu kahin in tashi. Gwajin ya ƙare. Ran Asabar ni zan tsaya gaban dattawa in ji kunya, ba shi ba."

Na ce, "Darakta, a ƙara mishi ko mako guda mana."

"Na ba shi mako. Rashin iyawa ina iya haƙuri da shi. Ƙarya ce ban so."

Na komo ɗakina. Agali na gaban injin. Na ce ya ɗan ba ni wuri zan yi bugu. Ya dubi takardar da ke hannuna, na kifa ta, amma na san ya gane. Ya miƙe ya gyara mini kujera. Sai ya tsaya, ya ɗora yatsa a kan gilashin, ya yi magana a hankali kamar mai gaisuwa.

"Hajiya, ga kayanmu nan. Wannan hwarin, maras kyan suna. Yau an kai sittin da takwas. Ba shi da kyan gani, amma duk wahalar yau tana cikinshi. Na ce in nuna miki, ko za ki sa mini ido a kanshi."

Ya fita ya ja ƙofa.

Na dubi inda yatsansa ya bar shaida. Shi ne. Abin nan ne mai kama da takun kaza, wanda na jefar ranar Alhamis, da Juma'a, da Litinin, da Talata, ina jin kaina gwanar tsabta.

Ba zan ɓoye muku ba, Shaiɗan ya zauna kusa da ni minti biyar. Ya ce ki yi shiru kawai, ki daina sharewa, gobe abin ya kammala, kowa ya ce rezo ne ya gyaru. Shekara talatin ba a taɓa kama ki da kuskure ba, yanzu saura kaɗan ki ajiye aiki za ki zubar da girmanki? Na kusa sauraronsa. Amma takardar tana kan cinyata, kuma yau za a sa mata hannu, ba gobe ba. Ko da abin ya sauka, a idon darakta Agali ya riga ya zama maƙaryaci. Na tuna 'yarsa ƙarama da ya nuna mini hotonta a waya, da ɗakin haya da ya je ya duba a bayan kasuwa. Na tashi.

Ban ƙwanƙwasa ƙofar darakta ba, abin da ban taɓa yi ba. Na ajiye masa takardarsa yadda ya ba ni.

"Ba ki buga ba?"

"Ban buga ba. Na gano birus ɗin da ke cinye aikin Agali."

Ya miƙe zaune. "Ina yake?"

"Ga shi tsaye gabanka da ɗankwali."

Na kwashe komai na faɗa masa, tun daga Mushe Kanta har zuwa tsakin da na yi ranar Litinin. Ya saki baki yana kallona. Ya cire gilashin idonsa ya ajiye. Na ga yana ƙoƙarin ɗaure fuska don girmana, kumatunsa na rawa. Sai dariya ta ƙwace masa, irin wadda ba ta da sauti da fari, ya kifa kai a tebur yana dukan takardu.

"Sau nawa, Hajiya?"

"Sau huɗu."

"Har da wanda ya ɓoye?"

"Shi ma na bi shi har can."

Nan ya fashe gaba ɗaya, har Manzo ya rugo da kulki ya ɗauka wani abu ne ya faru. Da ya ji zancen sai ya zauna a ƙasa yana salati yana dariya. Ni ma da na shigo kamar ƙasa ta tsage in shige, ban san sanda na fara ba, ina yi ina share hawaye da bakin mayafi.

Aka kira Agali. Mushe Laminu ya yage takardar a gabansa, ya miƙa masa hannu ya ce, "Na zalunce ka a zuciyata, ka yahe mini." Ni ma na ce, "Ɗana, ka yahe wa uwarka." Ya ja rawaninsa ya rufe baki yadda suke yi gaban manya, idanunsa kaɗai ke dariya, ya ce babu komai.

Da darakta ya koma ciki na tsare Agali a baranda, don wani abu ya tsaya mini a rai.

"Agali, tsakaninka da Allah, da ka nuna mini abin nan, ka sani?"

Ya dubi takalminsa, na sake matsa masa.

"Ka hwaɗa mini."

"Yau da sahe na gane, Hajiya. Na buɗe kwandon shara in nemo wani abu da na jehwa jiya, na iske shi hes. Birus yana ɓarna, amma ba ya wanke kwando in ya gama."

"To don me ba ka hwaɗa wa darakta ba? Ka ga takardar a hannuna!"

"In ce mishi me? Ke sa'ar mahaihiyata ce. Na tambaye ki sau guda kin ba ni amsa. A gidanmu ba a mai da babba ga maganar da ya riga ya yanke."

"Ko da za ka rasa aikin?"

"Ai na nuna miki," in ji shi. "Na san in kin gani ya isa."

Na shiga na kashe injin, ban taɓa ko ɗigo ba, na lulluɓe shi.

Kwana biyun da suka biyo baya ban taɓa jin daɗin aiki kamarsu ba. Darakta ya ce a tada gurup, injin ba da wuta, duk sanda kuran ya ɗauke, shi zai amsa tambayar mai. Manzo ya bar ƙofa ya zama mai riƙon sanda, yana juya ta sannu sannu Agali na ce masa dama, hagu, tsaya nan. Ni aka naɗa mai gadin farin abin nan, kuma duk wanda ya wuce sai ya leƙo ya ce, "Hajiya, yana nan dai ko?" Kafin azahar ta Alhamis gyaran ya cika ɗari, muka yi tafi kamar an yi haihuwa. Agali ya saka shi, injin ya mutu ya tashi har sau biyu, sannan ya danna sabunta Ɗan Dako. Abin da ya hana mu barci mako guda, minti bakwai ya ɗauka. Manzo ya ce shi bai yarda ba, a sake a gabansa.

Taswira ta fara sauka da yammacin nan, ta ƙarasa ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Injin bugunmu ƙananan takardu kaɗai yake ɗauka, don haka muka buga ta gida goma sha biyu, muka shimfiɗa a ƙasa, ni da darakta a durƙushe muna haɗa gefe da gefe da salatif. Sau biyu muna manna yankin Belbeji a kife.

Ranar Asabar rumfa ta cika. Aka kafa taswira a jikin allo, darakta ya yi maraba, sannan ya ce wanda ya sauko da ita shi zai yi bayani. Agali ya tashi. Ya nuna musu Tanut, ya nuna kwarin Tarka, ya nuna rijiyoyin da kowa ya sani, ya ce inda ya yi kore shar ciyawa ce mai yawa, inda ya yi ja ƙasa ce tsirara. Dattawa suka matso. Tsoho Alhusaini yana can gefe a kan tabarma, bai ko ɗaga kai ba, sai da wani ardo ya ce masa, "Kai, taso ka ga aikin ɗanka." Ya taso a hankali da sandarsa. Ya dubi koren da ke yamma da Tarka ya ce, cikin Hausarsa mai nauyi, "Wannan tun sati uku na sani. Ɗan ƙanena can ya hito. Da kun tambaye ni da ba ku wahal da tauraro ba." Rumfa ta ɗauki dariya, har da darakta.

Sai idon tsohon ya kai wani ɗan kore can arewa, tsakiyar ja, nesa da hanyar da aka saba bi. Ya daɗe a kansa. Ya ce wurin nan shekara uku ba a ga ruwa ba, ba wanda ya ko leƙa bana. Ya juyo, ba wurin darakta ba, ba wurin sauran dattawa ba, wurin ɗansa.

"Agali. Wannan gaskiya ne?"

"Gaskiya ne, Baba. Hoton bai kai kwana goma sha biyar ba."

"Raƙuma nawa zai ɗauka?"

Suka tsuguna su biyu gaban allon, kai da kai, suka koma harshensu, tsoho na tambaya ɗa na amsawa, sauran mutane na jira. Manzo ya raɗa mini cewa tun da Agali ya tafi lakwal, makarantar boko, uban bai taɓa tambayarsa ko hanyar rijiya ba. Na juya baya na yi kamar ina gyara kofunan shayi.

Ranar Litinin ni na buga takardar ɗaukarsa aiki, kuma kafin watan ya ƙare matarsa da yaran suka iso Tanut a bayan motar kasuwa, da tabarmi da 'yar akuyarsu.

To, ga abin da nake so ku ɗauka, ku masu gyaran injuna da ku masu zama gabansu. In inji ya ƙi, kafin ku kwance shi ku tambayi mai zama da shi abin da yake yi tun daga kunnawa har kashewa, ya nuna muku da hannunsa. Kada ku ce masa ko ya taɓa wani abu, don zai ce a'a, kuma da gaskiyarsa. Wannan na injin ne, mai sauƙi. Mai wuyar namu ne, mu manya. Yaran ƙasar nan an rene su da kunyar babba, suna iya rasa abincinsu su bar mu da girmanmu, kuma ba za mu taɓa sani ba. Agali ya tambaye ni sau ɗaya na rufe masa baki da shekaruna, saura minti talatin ya tafi da laifina a kansa bai ce uffan ba. Tun daga ranar, duk ƙaramin da ya yi mini tambaya na ji raina ya fara ɓaci, sai in haɗiye, in jawo masa kujera, in ce sake tambayata, ɗana, wataƙila ban ji da kyau ba.